YADDA AKE ƊAUKAR KYANWA BA CIZO BA YAKUSHI

Yau hirarmu bisa kyanwa take. Wasu suna ce mata mussa, wasu mage, namijin kuwa muzuru.

Wani zai ce: mi ya kai kyanwa gidan radiyo? To, ku duba rumbunku. Manomi ya sha rana wata huɗu, ya kai hatsi gida, kusu ya bi dare yana ci yana ɓatawa. Kyanwa ita ce mai gadin da ba ta neman albashi. Wannan zama ya daɗe: a tsibirin Kuburus an tono kabarin mutum da kyanwa kusa da shi, mai shekara wajen 9.500. Amma kyanwar da ake wahalarwa ba ta zama gida. Ko ta gudu, ko ta yakushi yaro.

1. Kafin ka ɗauke ta

Kyanwa ƙaramar bisa ce. Nauyinta kilo 3 ne zuwa 5. Mutum a tsaye bisa kanta abin tsoro ne gare ta. Saboda haka ka durƙusa. Kada ka yi tsawa, kada ka zura mata ido. Miƙa hannu sannu, ka bari ta sunsuna. In ta goga kumatunta ga hannunka, ta yarda. In ta juya ta tafi, ƙyale ta. Kada a ɗauke ta tana cin abinci, ko tana barci, ko tana shayar da ɗiyanta.

2. Ɗauka da hannu biyu

Tsaya ta gefenta. Sa hannu guda ƙarƙashin ƙirjinta, bayan ƙafafun gaba. Ɗaya hannun ya tallabi gindinta da ƙafafun baya. Ɗaga ta sannu, ka jingina ta ga ƙirjinka. Dalili shi ne: in ƙafafun baya suna reto, sai ta ji kamar za ta faɗi. Nan take za ta fiddo akaifu ta nemi abin kamawa, kuma fatarka ce kusa. Akaifunta 18 ne: biyar-biyar gaba, huɗu-huɗu baya.

Riƙon ya zama da ƙwari, amma ban da matsewa. Kada ka birkice ta rigingine kamar jinjiri, yawancinsu ba su son haka. Wurin da take son shafa shi ne kumatu, da ƙarƙashin haɓa, da gindin kunne. Ciki da wutsiya, a bar su.

3. Abin da ba a yi

Ba a jan wutsiya. Ba a ɗaga ta da ƙafa guda. Ba a rataye ta da fatar wuya. Za ku ce: ai uwa da wuya take ɗaukar ɗiyanta. Gaskiya ne, amma ɗan kyanwa ba shi da nauyi. Babba kuwa in aka ɗaga ta haka, zafi take ji. Shirun da take yi na tsoro ne, ba na jin daɗi ba.

4. Kyanwa tana magana da jikinta

In jikinta ya saki, kunnuwa suna duban gaba, ido yana lumshewa, tana ɗan sauti a maƙogwaro kamar minshari, to hankalinta kwance yake. In wutsiya ta fara kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa suka kwanta baya, baƙin ido ya buɗe, ko ta fara huci da gurnani, tana cewa ne: sake ni. Sunkuya, ka aje ƙafafunta huɗu ƙasa, sa'an nan ka saki. Kada ka jefar da ita. Wadda aka saki lokacin da ta nema, gobe za ta komo da kanta.

5. Sabo tun ana ƙarami

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan kyanwa yana sabawa da mutane tsakanin sati 2 da sati 7 na haihuwarsa. Cikin wannan lokaci a riƙa ɗaukarsa kullum na ƴan mintoci, a maida shi ga uwarsa. Kada a raba su kafin sati 8. Iyaye, ku koya wa yara su zamna ƙasa, kyanwa ta hau cinyarsu da kanta.

6. In ba ta da lafiya

In za a duba mata miki, a naɗe ta cikin tsohon zane, kai kaɗai a waje. In za a kai ta wurin likitan bisashe, a sa ta cikin kwali mai ƙofofin iska. Kada a ba ta maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta.

7. In ta yi cizo ko yakushi

Nan ku ƙara kasa kunne. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana shiga da zurfi, bakin mikin ya rufe, ƙazanta ta zamna ciki. Kuma ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba, yana kama kyanwa, ita kuma ta sa wa mutum. A wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15. Ranar nan a tafi likita, ko da mikin ƙarami ne. Akwai allurar rigakafi tun shekara ta 1885, lokacin da Luwi Pastar na ƙasar Faransa ya fara yi wa mutum ita. Amma tana aiki ne kafin ciwon ya bayyana. In ya bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Kyanwar da ba ka sani ba, ko wadda halinta ya sake farat ɗaya, tana dalalar da miyau, kada ka taɓa ta. Sanar da ma'aikatan kiwo.

Ko ba cizo, a wanke hannu bayan an taɓa ta. Mace mai ciki kuma kada ta kwashe kashinta.

Tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:
1. Don mi ake tallabar ƙafafun baya?
2. Waɗanne alamu ke nuna kyanwa tana son a sake ta?
3. Minti nawa ake wankin cizo?

Kalmomin rubutawa: kyanwa, ƙirji, wutsiya, rumbu, sabuni.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.