Buhun Taki Amana Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa masu saurare, a daren yau za mu taɓo maganar tallafin da gwamnati take aiko wa manoma: takin zamani da ake sassauta kuɗinsa, da irin shuka, da cimakar da ake fitowa da ita daga rumbunan OPVN a sayar da rahusa idan bazara ta tsananta. Mu da muka ga shekarar 2005, bayan fari da fara sun lalata daminar da ta gabace ta, mun san darajar tiyar hatsi guda a gidan da rumbu ya ƙare.

Wannan agaji haƙƙin talaka ne a kan shugaba. A shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwa ta auka wa Madina, Sayyidina Umar ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya kuma hana kansa cin man shanu har sai jama'a sun samu sauƙi. Haka shugaba yake.

To, ina gizo ke saƙar? A takardar sunaye. Buhu yakan baro birni cikakke, amma kafin ya kai ƙauye hannuwa da yawa sun taɓa shi. Wani ya rubuta sunan mamaci. Wani, ɗan kasuwa ne da bai taɓa riƙe hauya ba, ya shiga layi da sunan manomi, washegari kayan suna kan mota za su ƙetare iyaka. Wani kuma ya danne rabon har shuka ta wuce lokacin taki, don manoma su haƙura ya saye a arha. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo? Hakimi, da mai rubuta sunaye, da mai riƙe da mabuɗin sito, wannan tambaya taku ce. Ɗan goron da ake miƙo muku kafin a sa suna, kujerar aka ba, kuma za a ɗauko shi a wuya ranar tsayuwa.

An tambaye mu game da manomin da ya sayar da buhunsa saboda yara ba su ci ba. Ba mu ga laifinsa ba. Rabonsa ne, larura ce ta kore shi. Mai saye da ya san halin da yake ciki ya karya masa kuɗi, shi ne ya kamata ya ji tsoro.

Wanda kuwa ya san akwai rabon wani a ɗakinsa, azumi da tahajjudi ba su sauke masa wannan nauyi, domin haƙƙin bawa sai an mayar. Ya kai wa mai shi kayan, ko kuɗinsu, kafin Salla. In kunya ta hana shi, ya aika ta hannun liman ba tare da an faɗi suna ba. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa suna nan. In an neme su an rasa, a yi sadaka da niyyar ladan ya kai gare shi.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu shiga zakkar amfanin gona.