Bayan An Raba Mahaifar Da Ta Manne: Yadda Ake Hana Tabo Komowa



Duk uwar da ta yi jinyar yaron da ya ƙone a hannu ta san dalilin da ya sa ake raba masa yatsu da auduga. Idan aka bar ɗanyen ciwo ya jingina da ɗanyen ciwo, a manne za su warke. Haka abin yake a mahaifa. Bangonta na gaba da na baya a haɗe suke kwance kamar tafin hannu biyu. Fatar da ta lulluɓe cikinta tana da tushe, wanda daga gare shi take sake tsirowa bayan kowace haila. In aka kankare tushen nan, musamman a wankin ciki bayan ɓari ko haihuwa, ko tarin fuka ya cinye shi, sai bangon biyu su manne. Haila ta ragu ko ta ɗauke, mara ta riƙa ciwo duk wata, ciki ya ƙi shiga ko ya ƙi zama. Heinrich Fritsch ne ya fara bayyana wannan larura a 1894, sannan Joseph Asherman ya yi cikakken bayaninta a 1948, ta kuma ɗauki sunansa.

A yau likita na zura siririn madubi ta bakin mahaifa, yana kallo yana yanke tabon da ɗan almakashi. Sai dai kowace yanka sabon ciwo ne, kuma idan mannewar ta yi tsanani, fiye da rabin mata na iya samun ta dawo. Don haka makonnin da ke bin aikin su ne ke bukatar natsuwarmu.

Abu na farko shi ne shamaki tsakanin bangon biyu: ƙaramin balan-balan da ake hurawa a ciki, ko robar tazarar haihuwa marar sinadari, ko wani ruwa mai yauƙi da jiki ke shanyewa daga baya. A wani bincike da aka wallafa a 2003, Orhue da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin sun gwada robar fitsari ta yara, wadda aka bari kwana 10, da robar tazarar haihuwa. Waɗanda aka sa wa robar fitsarin sun fi samun dawowar haila daidai. Wannan kaya ne mai araha da kusan kowane asibitinmu ke da shi.

Na biyu, ana ba da maganin istirojin na 'yan makonni domin sabuwar fata ta yi saurin rufe ciwon.

Na uku, a sake leƙawa da madubin bayan 'yan makonni. Sabon tabo a lokacin kamar saƙar gizo yake, bakin madubin ma ya isa ya tsinke shi. In ya daɗe, sai ya yi tauri kamar jijiya. A nan muke yawan asara, domin da zarar mace ta ga jini ya dawo, sai maigida ya ce ai an warke, kuɗin mota ya huta.

Ga abokan aikina kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a bar kankara da ƙarfe wajen wankin ciki bayan ɓari, a koma zuƙowa da sirinji ko amfani da ƙwayar misoprostol. Mahaifar da ba a ji mata ciwo ba, ba ta bukatar balan-balan.

Iyayenmu mata, idan ciki ya samu bayan wannan aiki, a yi awo, a haihu a asibiti, domin mabiyiya na iya kafewa a jikin mahaifa ta jawo zubar jini. Ku kuma magidanta, ranar komawa asibiti ku rubuta ta a bangon ɗaki.