Wadar zuci ba mutuwar zuciya ba ce

An ce in yi magana a kan farin ciki da kwanciyar hankali, ni kuwa Kirista ne, don haka daga bangaskiyata zan ɗebo abin da zan faɗa. 'Yan'uwana Musulmi, ku ne kuka fi yawa a nan, ku saurare ni da kunnen maƙwabci.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu. Wane farin ciki? Mutum ya gama jami'a, difloma na cikin akwati shekara huɗu, kullum yana fada ana dafa shayi, ko yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Ya buɗe waya ya ga sa'ansa a Facebook da mota. Tun takunkumin CEDEAO na 2023, da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta, kowa ya san yadda buhun shinkafa ya koma. In ka ce wa irin wannan mutum ya yi wadar zuci, sai ya ga kamar so kake ka rufe masa baki.

To, bari in ba ku labarin Manzo Bulus, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 16. A birnin Filibi, ƙasar Girka ta yau, akwai wata baiwa mai aljani da iyayengijinta ke samun kuɗi da duban da take yi. Bulus ya fitar mata da aljanin da sunan Yesu Almasihu, kasuwa ta mutu, sai aka ja shi da abokinsa Sila gaban mahukunta. Ba shari'a, ba komai. Aka tuɓe su, aka yi musu duka, aka jefa su can ƙuryar gidan kaso, ƙafafu cikin turu. Da tsakar dare me suke yi? Addu'a da waƙar yabon Allah, sauran 'yan kaso na saurare.

Yawancin masu wa'azi a nan suke tsayawa, ko a girgizar ƙasar da ta biyo baya. Ni abin da ya faru da safe ya fi ɗaukar hankalina. Mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita. Ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, an duke su a bainar jama'a ba tare da hukunci ba, sai dai waɗanda suka yi aikin su zo da kansu su fitar da su. Suka kuwa zo, suka ba da haƙuri. Mutumin da ya kwana yana waƙa shi ne ya wayi gari yana neman haƙƙinsa bisa doka. Ku 'yan farar hula, ai kun gane wannan.

Bayan shekaru, daga wani kurkukun, ya rubuta wa Kiristocin Filibin nan wasiƙa. Sura huɗu ce kacal, amma maganar farin ciki ta fito a ciki fiye da sau goma. A ƙarshenta yake gaya musu ya san ƙoshi ya san yunwa, kuma ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Ku lura, koyo ya yi, ba a haife shi da ita ba.

Daga ina ta fito? A bangaskiyarmu, darajata ba albashi ne ya ba ni ita ba. Allah ya karɓe ni tun ban tsinana komai ba, Almasihu ya mutu domina, ya tashi. Wannan lissafi an riga an rufe shi, babu darakta ko ɗan siyasar da zai sake buɗe shi. Shi ya sa rashin aiki yana min ciwo, amma ba ya gaya min ko ni wane ne. Kuma a ganina nan amfanin yake ga ƙasa: wanda zuciyarsa ta ƙoshi, da wuya a saye shi da jika biyar ranar zaɓe, da wuya kunyar sa'o'i kaɗai ta tura shi hamada ta Agadas.

Ba na cewa Kirista ba ya kuka. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ku tuna 16 da 17 ga Janairun 2015, a Damagaram da Yamai, lokacin da aka ƙona gomomin majami'u saboda zanen wata jaridar Faransa da ba mu da hannu a ciki. An rasa rayuka, mutane sun rasa gidaje. Akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, wannan ba za mu manta ba. A makonnin da suka biyo baya, jama'a suka koma sujada tsakanin bangaye masu baƙin hayaƙi, wasu a ƙarƙashin rumfa. Shugabannin ikilisiya suka fito suka ce sun yafe, suka kuma nemi hukuma ta kare su, ta taimaka a sake gini. Har yau a yawancin waɗannan unguwanni ana waƙa kowace Lahadi da safe, ga mai kosai a bakin ƙofa tana jiran a tashi.