Haɗa faifan kwamfuta: sauri daban, tsaro daban

Yau zancenmu a kan kwamfuta yake, da yadda za mu tsare abin da muka zuba a cikinta.

A garin Maraɗi yanzu, mai ɗaukar hoton biki, da magatakardan ƙungiyar manoma, da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, duk sun bai wa kwamfuta amanar aikinsu. To, a ina take ajiye shi? A cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kira faifan ajiya. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1956. Irin wanda muka saba da shi yana da faranti a ciki, mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda. Abin da ke gudu haka kuwa, wata rana sai ya gaji. Zafin bazara da ɗaukewar wuta suna ƙara gajiyar da shi.

Don haka masana suka yi dabarar haɗa faifai biyu ko fiye, su yi aiki kamar guda. A 1988 wasu masana uku na jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, wato Patterson da Gibson da Katz, suka bayyana tsarin a rubuce da sunan RAID. Iri uku za mu duba. Ku ɗauko alli da allo.

Na farko shi ne lamba 0. Ana tsaga kowane aiki gunduwa-gunduwa, wannan faifai ya karɓi ɗaya, wancan ya karɓi ta biye. Kamar mata biyu ne a turmi guda, daka ba ya daɗewa. Wurin ajiya ma ya ƙaru: faifai biyu masu tera 1 kowane su ba ku tera 2. Amma fa ku ji da kyau. In ɗaya ya mutu, kome ya tafi, don rabin kowace takarda yana cikin mataccen. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ga shi kuma yau akwai faifan SSD marar faranti, wanda shi kaɗai ya fi tsofaffin biyu sauri. Mai kwamfutar gida ba ya da wata bukatar lamba 0.

Na biyu shi ne lamba 1. Nan duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, nan take a rubuta shi a ɗayan. Kamar magatakarda biyu ne a taro guda, kowa da littafinsa. In ɗaya ya lalace, aiki ba ya tsayawa. Sai a sayo sabo a saka, kwamfuta ta kwafe masa kome. Tsadarsa ita ce kun sayi biyu, kuna morar wurin guda.

Na uku shi ne lamba 5, kuma nan ne lissafin da muke koyo zai yi mana rana. Ku ɗauka muna da littafi uku. A na farko an rubuta buhun gero 7 da aka kawo daga Tibiri. A na biyu, buhu 5 daga Jiratawa. A na uku sai aka rubuta jimla, 12. To, gara ta cinye littafi na biyu. Mun yi asara? A'a. Mu cire 7 daga 12, saura 5, lissafi ya dawo. In na farko ne ya ɓata, mu cire 5 daga 12. In na jimla ne, mu sake tarawa. Haka lamba 5 ke yi, sai dai kwamfuta da sifiri da ɗaya take lissafinta, kuma tana rarraba jimlar a kan dukan faifan. Ana bukatar aƙalla faifai uku, wurin guda kuma ya tafi ga jimla: uku masu tera 2 kowane su ba ku tera 4. Amma in littafi biyu suka ɓata tare, lamba ɗaya da ta rage ba ta faɗa muku kome. Saboda haka ranar da faifai ɗaya ya mutu, ranar za a nemi madadinsa, kada a ce sai bayan kasuwa.

Yanzu ga babbar maganar yau. Wanda ya haɗa faifai, mutuwar faifai kaɗai ya tsare ma kansa. In yaro ya goge hotuna bisa kuskure, a duka biyun suka goge. In cutar kwamfuta ta shiga, duka take kamawa. In wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone na'ura, ko ɓarawo ya ɗauke ta, faifan duk suna cikin akwati guda. Rumbu biyu a jere, gobara ɗaya ke cinye su.

Mutanen Maraɗi sun san wannan darasi. A 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon gari da ke fadama, har aka maida gari bisa tudu. A damanar 2024 ma ruwan sama ya rushe gidaje da yawa a garin. Ruwan da ya shiga ɗaki ba ya tambayar faifai nawa ke cikin kwamfuta. Wuta kuma mun ga halinta a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take turo ma Nijar, aka yi watanni ana fama.

To, mene ne abin yi? Ku riƙe lambobi uku: 3, 2, 1. Duk abin da ba ku son rasawa, ya kasance kwafi 3, a ma'aji iri 2, kwafi 1 kuma a wani gida dabam. Ku sayi faifan waje mai igiya, ku kwafe aikinku duk ranar Juma'a, ku zare shi. Wani kuma ku kai ma ɗan uwa amintacce a wata unguwa ko a Tibiri, ku riƙa musanya su duk wata. Lokaci-lokaci ku buɗe kwafin ku tabbata yana karantuwa. Wanda kuɗinsa na faifai biyu ne kawai, gara ya ajiye na biyun a waje da ya haɗa su. In da hali, a sa akwatin batir tsakanin kwamfuta da bango, don ya ba da lokacin kashe ta a hankali in an ɗauke wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga aikin da za ku yi da malaminku. Jimla 20 ce, littafi na farko ya nuna 13, nawa ke cikin wanda ya ɓata? Sa'an nan kowa ya rubuta abu uku na gidansu da ya kamata a yi ma kwafi, ko da takardar haihuwa ce ko ta gona.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.