Kowane Zaure da Sawunsa: Tsarin Komawa Baya a Manhajar Waya



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wata matsala da ke cikin tsarin manhajojin wayar hannu, wadda masu amfani da su ke shan wahalarta ba tare da sun san sunanta ba. Manhajoji da yawa suna da alamomi uku zuwa biyar a jere daga ƙasa, kowace tana buɗe sashe na daban. A nan za a kira kowane sashe zaure, jerin shafukan da mutum ya ratsa kuwa a kira shi sawu. Tambayar ita ce: shin sawu ɗaya ya kamata manhaja ta riƙe, ko kuwa kowane zaure da nasa?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kusa da Sifawa, mazaunin Shehu Usmanu kafin ya koma Sakkwato a 1815. A tsarin karatun zaure, ɗalibi yakan ɗauki Risala a wajen malamin fiƙihu, ya ɗauki Ajurumiya a wajen malamin nahawu. Kowane littafi da matsayarsa, kuma zuwa darasin nahawu ba ya goge inda aka tsaya a fiƙihu.

To, ita manhaja tana ajiye sawu ne kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya, watau wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Duk shafin da aka buɗe sai a aza shi bisa na baya, idan aka danna maɓallin komawa sai a sauke na sama. In jeren ɗaya ne tak, shafukan zauruka duka sai su cakuɗe, ko kuma a zubar da na zauren da aka bari. In kuwa kowane zaure da jerensa, sai manhaja ta jingine wanda aka bari, ta dawo da shi yadda yake idan an komo.

Alal misali, a ɗauka wani ɗan kasuwa ne a Shagari zai biya kuɗin kaya ta manhajar banki. Ya rubuta lambar asusu mai alƙaluma 10, sai ya leƙa wani zaure don ya duba abin da ya rage masa. Da ya komo sai ya tarar an share kome. Dole ya sake rubutawa cikin hayaniyar kasuwa, ga mai kaya tsaye yana jira, kuma a irin wannan gaggawa ne ake kuskuren alƙalami. Haka abin yake ga ma'aikacin ƙaramar hukuma mai cike fam mai shafuka da yawa.

Kamfanin Apple ya ba masu ƙera manhajar iPhone hanyar ware wa kowane zaure sawunsa tun 2008. A ɓangaren Android kuwa, masu ƙira sun daɗe suna yi wa kansu dabara, sai a 2022 Google ya shigar da tsarin cikin kayan aikinsa na zirga-zirga tsakanin shafuka.

Amma fa tsarin yana da sharuɗɗa uku. Na farko, ajiye jere da yawa yana cin ma'ajiyar waya, don haka sai a adana abin da ya wajaba kurum. Na biyu, mai amfani yana bukatar hanyar komawa bakin zaure, shi ya sa aka saba idan an danna alamar zauren da ake ciki sai a koma shafinsa na farko. Na uku, idan mai asusu ya fita daga manhaja, wajibi ne a share sawun duka, domin sau da yawa waya ɗaya mutanen gida ke amfani da ita.

Saboda haka, ya kamata ɗalibai masu koyon ƙira, da ma'aikatan da ke karɓar manhaja a madadin hukuma, su yi wannan gwaji kafin su sa hannu: a fara cike fam, a fita zuwa wani zaure, a komo. In an tarar da aikin inda aka bar shi, madalla. In ba haka ba, a mayar wa mai ƙira ya gyara.

Allah ya sa mu dace, amin.