Tubalin Inbata: Kayan Aikin Ɗakin Gwajin Sarrafa Wutar Lantarki



An nemi in yi magana a kan na'urar da ake koyon sarrafa wutar lantarki da ita, irin wadda ake harhaɗawa kashi-kashi. Zan tsaya a kan abin da hannu ke taɓawa. Lissafi na bar wa aji.

Ko cajar waya ka buɗe, ko inbatar gida, ko akwatin da ke tsakanin faifan sola da batir, aiki ɗaya za ka tarar. Makunni ne ke buɗewa yana rufewa sau dubbai a sakan guda, yana yanka wuta gunduwa-gunduwa, naɗin waya da kafasita kuma su tace ta ta fito yadda ake so. Makunnin taransisto ne, MOSFET ko IGBT. Na biyun ya fito ne a farkon shekarun 1980, kuma B. Jayant Baliga, wanda yake kamfanin General Electric a lokacin, yana cikin jagororin aikin.

Idan aka jera makunni biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, aka ciri waya daga tsakiyarsu, an samu abin da ake kira rabin gada. Shi ne tubalin ginin gaba ɗaya. Guda ɗaya, da naɗin waya da kafasita, zai rage ƙarfin wutar batir, idan aka juya shi kuma ya ƙara. Guda biyu sun zama inbatar gida. Guda uku sun zama inbata mai layi uku da ke juya injin famfo. Ofishin binciken sojojin ruwan Amurka ya tallata wannan tunani a shekarun 1990, Farfesa Ned Mohan na Jami'ar Minnesota kuma ya shigo da irinsa aji, da allo guda wanda ɗalibi ke sauya wa siffa, yana aiki da wutar da ba ta kai bolt 50 ba.

To, amma taransiston nan biyu su ne mafi sauƙin sha'ani a kan allon. Ingancin na'ura yana ga abin da ya kewaye su.

A fara da direban ƙofa. Ƙwaƙwalwar na'urar, a ce ɗaya daga cikin C2000 na Texas Instruments, bolt 3.3 take fitarwa, IGBT kuwa yana son kamar bolt 15 a ƙofarsa kafin ya buɗe sosai. Ga kuma makunnin sama, wanda ƙafarsa ba ta tsaye wuri ɗaya, tana hawa da sauka da wutar da ake yankawa. Dole a ba shi tasa wutar daban, a kuma raba shi da ƙwaƙwalwar, sau da yawa ta hanyar haske, don kada babbar wuta ta bi waya ta isa kwamfutar ɗalibi. Masu gyaran inbata a nan sun san IR2110, irin wannan aikin yake yi, ko da yake shi ba ya raba ɓangarorin biyu rabuwa ta sosai.

Sai babban haɗari. Idan makunnin sama da na ƙasa suka kunnu tare, kafasitan da ke ciyar da su zai juye duk abin da ya tara ta cikinsu, amfiya ɗaruruwa. IGBT da yawa ba sa jure wannan fiye da kashi 10 cikin miliyan na sakan. Shi ya sa ake barin ɗan tsaiko tsakanin kashe wannan da kunna wancan, kamar kashi 1 ko 2 cikin miliyan. Ra'ayina a nan mai tsauri ne: tsaikon nan da kariyar wuce gona da iri a jikin allon za a gina su, kada a dogara da manhajar da ɗalibi ya rubuta. Ɗalibi ya zo ne don ya yi kuskure. Na'urar da kuskure ɗaya ke ƙonawa, ƙarshenta malami ya kulle ta a kabad, a riƙa nuna ta ga masu ziyarar tantancewa kawai, kuma kowa a ɗakin nan ya san irin kabad ɗin da nake nufi.

Yanzu ga iyakar harhaɗawa kashi-kashi, wadda masu talla ba su cika faɗa ba. Kowace waya tana da ɗabi'ar naɗi, ko da miƙaƙƙiya ce. Waya mai tsawon santimita 10 tana da wajen nanohenri 100. Ka yanke amfiya 20 da ke bin ta cikin nanosakan 50, sai bolt 40 ya tashi a kan taransistonka ba tare da ka gayyace shi ba. Tsawaita wayar sau biyar, ya zama 200. Saboda haka kafasitan da ke ciyar da rabin gada dole ya zauna a kan allon, manne da makunnan. Abin da ya halatta a bar wa wayoyin sokawa shi ne naɗin waya, da kafasitan tacewa, da kayan da ake ba wuta. Idan kun ga na'urar da aka ware taransisto ɗai-ɗai a akwatuna ana haɗa su da dogayen wayoyi, a hankali kawai za ta iya aiki.

Awo ma yana da nasa tarkon. Maƙalin ƙasa na osiloskof a haɗe yake da ƙasan ginin ta soket. Ɗalibi ya maƙala shi a tsakiyar rabin gadar da ke shan wutar bango, sai tartsatsi. Maganinsa a tanadi ma'aunin da ke gwada bambanci tsakanin wurare biyu, a kuma dasa ma'aunin amfiya mai aiki da maganaɗisu a jikin allon, irin na kamfanin LEM, da wuraren awo masu suna a rubuce.

Zafi kuwa, mu ya fi shafa. Takardun masana'anta kan ba da alƙalumansu a digiri 25, cikin taransisto kuma sau da yawa bai kamata ya wuce 150 ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, ɗaki ya haura 40 ba labari ba ne, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyayawa. A zaɓi ƙarfe mai girma, da fanka, da ma'aunin zafi mai kashe na'ura.

Ga masu sayen kaya, shawarata a fara da ƙaramar wuta, bolt 48 ko ƙasa, sai ɗalibi ya ƙware a kai shi ga ta bango. A nemi zanen da'irar da lambar kowane ɓangare kafin a biya kuɗi. A duba ko taransiston da direbansa ana samun su a kasuwa, ko ma'aikacin ɗakin zai iya cire su da dalma ya sa wasu.

Idan an kai ga ta bango, a tuna cewa bolt 230 idan aka miƙar da shi yana kaiwa 325. Kafasita mai maikirofarad 1,000 a wannan matsayi yana riƙe da jul 50 da 'yan kai bayan an zare filogi. Kowane allo ya kasance da abin da ke tsiyaye masa wutar da kansa, da fitila ja wadda ba ta mutuwa sai ya huce, kuma kada hannu ya shiga sai mita ta tabbatar.