Baƙon Mako Biyu: Gajeriyar Tafiyar Bishara da Abin da Takan Bari a Baya



Abin da za a duba a wannan lacca shi ne wata al'ada da ta yaɗu cikin majami'un Kirista, musamman na Amurka da Koriya ta Kudu. Ikilisiya takan tara matasa goma ko ashirin, ta biya musu kuɗin jirgi, su tafi wata ƙasa su yi mako ɗaya ko biyu suna wa'azi, ko gini, ko ba da magani, sa'an nan su koma gida. Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce: tsakanin mai zuwa da mai masauki, wane ne yakan fi cin moriyar wannan tafiya, kuma wane ne yakan ɗauki nauyinta?

Al'adar ba daɗaɗɗiya ba ce. A 1957 wani ɗalibi Ba'amurke, George Verwer, ya tafi Meziko lokacin hutun makaranta tare da abokansa biyu, suna raba littattafan addini. Daga wannan tafiya ce ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 kuma Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission, da nufin aika matasa na ɗan gajeren lokaci. A daidai shekarun nan ne manyan jiragen sama suka mai da tafiyar makonni ta zama ta sa'o'i. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow, cikin littafinsa na 2009, ya ƙiyasta cewa Amurkawa wajen miliyan 1.6 ke yin irin wannan tafiya kowace shekara a lokacin.

Masu goyon bayanta suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce gani ya kori ji. Yaron da ya kwana a ƙauyen da babu famfo, ya ga mace tana tafiyar mil uku neman ruwa, ba zai sāke jin labarin talauci kamar tatsuniya ba. Sukan ƙara da cewa zai koma gida da buɗaɗɗen hannu, ya riƙa taimako har tsufansa.

To, an gwada wannan magana a ƙasar Honduras. A watan Oktoba na 1998 mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Mitch ta afka wa Amurka ta Tsakiya, ta halaka mutum fiye da 11,000, ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa. Ƙungiyoyin Kirista suka shiga aikin sāke gini. Waɗansu gidaje 'yan ƙasa ne suka gina su, waɗansu kuwa baƙi ne daga Amurka da Kanada. Kurt Ver Beek, malamin Kwalejin Calvin wanda ya daɗe yana zaune a Honduras, ya bi sawun aikin, ya tattauna da masu gidajen da kuma baƙin.

Abin da ya samu ya kasu uku. Na farko, ayarin baƙi yakan kashe wajen dala 30,000, galibi a kan kuɗin jirgi da abinci da masauki, domin gina gidan da ƙungiyar 'yan ƙasa takan gina a kan dala 2,000. Watau kuɗin gida goma sha biyar ke tafiya a kan gida ɗaya, kuma magina 'yan gari, waɗanda guguwa ta bari ba aiki, suna tsaye suna kallo. Na biyu, bai ga wani bambanci na kirki ba tsakanin iyalan da baƙi suka yi wa gini da waɗanda 'yan ƙasa suka yi wa. Na uku, baƙin sun ce tafiyar ta sāke musu rayuwa, sun kuma ƙara yawan baikonsu, amma da aka duba littattafan kuɗi sai aka tarar ƙarin kaɗan ne ƙwarai.

Akwai wani abu kuma da bai kamata a tsallake ba. Mutanen Honduras ba su ƙi baƙin ba. Sun ji daɗin zuwansu, sun ɗauke shi alamar girmamawa. Abin da ya dame su shi ne bayan an yi ban kwana da hawaye, sai shiru, ba wasiƙa, ba saƙo. Ashe abin da mai masauki ya fi daraja wa shi ne zumunci, shi ne kuwa abin da mako biyu ba ya isa ƙullawa.

Wannan asarar kuɗi ce. Akwai wadda ta fi ta. Ran 19 ga Yuli 2007 'yan Taliban suka tare wata bas a lardin Ghazni na Afganistan, suka kama 'yan Koriya ta Kudu 23 da wata majami'a ta aiko aikin taimako na 'yan kwanaki. Aka kashe biyu daga cikinsu. Sauran ba su gama fitowa ba sai ƙarshen Agusta, bayan gwamnatin Koriya ta zauna da masu garkuwar, ta kuma yi alkawarin hana masu wa'azinta shiga ƙasar. Shawarar ikilisiya ɗaya ta zama nauyin ƙasa baki ɗaya. Haka kuma a Haiti, bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010, an kama Amurkawa goma a bakin iyaka suna ƙoƙarin fita da yara 33 ba da takardun izini ba. Sun ce marayu suke ceto. Da aka bincika, sai aka ga yawancin yaran suna da iyaye a raye. Baƙin ba su san dokar ƙasar ba, ba su kuma san yadda iyali matalauta ke ba da riƙon 'ya'yansu ba.

Ƙasar Hausa ta ga wani salon daban, wanda ya isa a auna da shi. Likita Walter Miller ya fara zama a Tarabulus yana koyon Hausa a bakin Hausawan can kafin ya shigo tare da ayarin Bishop Tugwell a 1900. Sarkin Kano Alu ya sallame su. Miller ya zauna a Zariya, ya yi shekaru yana aikin fassara, Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito cikakke ba sai 1932, shi kuwa ya rasu a 1952 a ƙasar Jos. Ko mutum ya yarda da manufarsa ko bai yarda ba, dole ya amsa cewa wanda ya yi shekara hamsin a wuri yana nan lokacin da kuskurensa zai bayyana, kuma shi za a tambaya. Baƙon mako biyu kuwa, kafin katangar da ya gina ta tsage, ya riga ya isa gida.

Wannan ba ya nufin a daina tafiya. Yana nufin a kira ta da sunanta: ziyarar koyo ce, mai zuwa ne ɗalibi. In an yarda da haka, sharuɗɗa huɗu sukan biyo baya. Mai masauki ne zai yi gayya, shi zai faɗi abin da yake bukata. Kada baƙo ya yi aikin da ɗan gari zai iya yi a biya shi. Kada ya yi a waje abin da doka ba ta yarje masa a gida ba, kamar ɗalibi ya duba marar lafiya ba shi da takardar likita. Sa'an nan a riƙa komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, maimakon sabuwar ƙasa kowane hutu.

Ga ma'aikacin da takardar irin wannan ayari za ta biyo ta teburinsa, a ofishin shige da fice ko ma'aikatar lafiya ko ƙaramar hukuma, tambayoyin nan ne aikinsa: wa ya gayyace su, wa zai tsaya musu, wa zai ci gaba da aikin in sun tafi? Ga ɗalibin da za a yi wa tayin tafiya, ko ta addini ko ta agaji, ya fara lissafa kuɗin jirginsa, ya tambayi masu masauki abin da za su yi da kuɗin da a hannunsu aka sa. In sun ce ya zo, ya tafi da kunne a buɗe, gama da ɗan gari akan ci gari.